Shatin Babban Yatsa

"Sauke ni," in ji tsohon. "Mutane na kallo."

"Su kalla. Ba ubansu na goya ba."

Gensheng ya gyara goyon, ya ƙara cusa kai cikin layi. Ƙarfe tara ba ta yi ba, amma rana ta riga ta gasa dutsen da aka shimfiɗa a gaban ƙofar Tsohuwar Fada ta Beijing, zafin yana shigowa ta tafin takalmi. Gaba mutane, baya mutane, kowa da lema, kowace lema kuma sai ta nemi idon wani. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar kwal a hanyoyin Shanxi. Ya san cunkoso. Bai taɓa ganin irin wannan ba.

Uban ba shi da nauyi, shi ne abin da ya fi damunsa. Tsoho Pang da a da yake saɓa buhun yumɓu biyu a kafaɗa ɗaya, yau ga shi a bayan ɗansa kamar jakar da aka manta ba a zuba mata kaya ba.

Jiya a asibiti likita ya ja Gensheng zuwa bakin taga, ya ce ciwon dajin ya bar ciki ya kama hanta. Wata biyu, in an yi sa'a uku. "Ku kai shi gida. Duk abin da ya ce zai ci, ku ba shi." Gensheng ya shiga banɗaki ya wanke fuska, ya dawo ya ce wa uban olsa ce, ta tsufa ce kawai shi ya sa take wahalar da shi. A garinsu ba a faɗa wa tsoho irin wannan magana. Sun yi imani jin sunan cutar yakan kashe mutum tun ita cutar ba ta gama aikinta ba. Ƙanwar Gensheng, Gailan, tun a gida ta ɓare takardun da ke jikin kwalaben magani, ta rubuta "safe" da "yamma" da hannunta.

Tsohon ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "To tunda olsa ce, gobe ka kai ni in ga tayil ɗina."

Duk ƙauyensu babu wanda bai haddace labarin tayil ɗin ba. Shekara hamsin da suka wuce, lokacin Pang yana matashi a matoyar gundumarsu, aka kawo musu aikin tayil ɗin rufi mai ruwan ɗorawa, aka ce na gyaran Tsohuwar Fada ne a Beijing. Pang shi ke yin na bakin rufi, masu zagayayyar fuska da dodo a jiki. Wayar yankan yumɓu ta taɓa tsaga masa babban yatsan dama, ya warke da rami a tsakiya. Kowane tayil ya gama, kafin ya bushe, sai ya faki idon shugaban aiki ya danna yatsan a ƙarƙashin leɓensa, inda ba a gani. Ranar da mota za ta kai kayan, an ba shi wuri a baya. Da asuba naƙuda ta kama matarsa. Mota ta tafi, aka haifi Gensheng. Shugaban aiki da ya dawo ya ce an ɗora su a wani dogon jan lungu ta gabas, a kan ƙaramar ƙofa ta uku.

Tun daga nan ake ce masa Maginin Sarki. Ba don girmamawa ba. In ya fara labarin a wurin biki, sai maza su ɗaga babban yatsa suna dariya. Shi kansa Gensheng bai taɓa tabbatar da ko gaskiya ne ba. Shugaban aikin ya daɗe da mutuwa, kuma da ransa ma mashayi ne.

Suka iso bakin shiga. 'Yar Gensheng, Hongyan, ita ta kama musu wuri ta waya tun mako guda da ya wuce, don ta san kakanta zai nema. Ya ɗora katin shaidarsa a kan na'ura, ya ɗora na uban, ƙarfen ya buɗe.

"Da ka jira kwana biyu a cikin uwarka," in ji tsohon a kunnensa, "da na shiga nan da ƙafata."

"Na ji wannan sau dubu, Baba."

"Za ka ji na dubu da ɗaya."

Filin farko ba bishiya ko ɗaya. Na biyu ma haka, ya ma fi faɗi. Kowace ƙofa da dokinta mai tsayi har gwiwa, sai Gensheng ya ɗaga ƙafa kamar mai hawa mota, tsohon yana yin ƙara a hankali duk sanda aka girgiza shi, sannan ya mayar da ƙarar tari. Rigar Gensheng ta jiƙe ta manne da rigar uban. Wata mata mai 'yar tuta a sanda ta wuce da mutum arba'in a bayanta, duk da jar hula iri ɗaya, tana faɗa musu yawan ɗakunan sarki ta lasifika.

A gaban babban zaure jama'a sun cushe a bakin ƙofa, kowa ya ɗaga waya sama da kansa yana ɗaukar abin da bai gani ba.

"Kujerar sarki ce a ciki. Mu leƙa?"

"Kujera ce. Muna da kujera a gida." Tsohon ya ɗaga kai yana kallon rufin, ya kare ido da hannu. "Ka ga wancan layin na hagu? Ya fi duhu. Wuta ta yi masa yawa. Ko a gidan sarki akwai malalaci."

"Kai dai ba mai iya aiki sai kai."

"Akwai mutum biyu. Ɗayan ya mutu."

Suka sami inuwa a gindin wani bango. Gensheng ya sauke shi, ya buɗe filas, ya zuba masa kunun gero a murfi. Tsohon ya kurɓa sau biyu, ya riƙe na ukun a baki, ya juya ya tofar a cikin hankici, ya naɗe da sauri ya sa a aljihu. Gensheng ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Waya ta yi ƙara. Gailan ce. Ya matsa nesa kaɗan.

"Yaya, ya ci wani abu?"

"Ya kurɓa."

"Ka fito da shi cikin wannan rana? In ya faɗi a can fa? Kana so ya ƙare a garin mutane, a ƙone shi a ba ka a kwalba? Ka kawo shi gida."

"Jirgin ƙasan na ƙarfe biyar ne. Za mu kama."

"Bai tambayi komai ba?"

"Tayil kawai yake tambaya."

Ya ji tana jan hanci. Ya kashe wayar.

Da ya dawo ya sami uban yana kallon wasu 'yan mata uku da suka yi hayar kayan matan sarki, da ƙaton ado a ka, wani mai hoto yana durƙusawa yana tashi a gabansu. Ɗaya ta ɗaga rigar tana fifita ƙafafunta, ga takalmin gudu a ƙasa.

"Uwarka ba ta taɓa zama an ɗauke ta hoto ba," in ji tsohon.

Da ta rasu, aka nemi hoton da za a sa a kan akwatin gawa, daga ƙirji zuwa sama kamar yadda ake yi, ba a samu ba. Sai na katin shaidarta aka kai aka faɗaɗa. Ya fito dishi-dishi, kamar ana hango ta ta cikin ruwa. Shi ne har yau yake rataye a ɗaki, kuma tsohon ba ya zama a kujerar da ke fuskantarsa.

"Tashi mu je," in ji Gensheng. Ya juya masa baya ya durƙusa.

Gabas ba lungu ɗaya ba ne. Suka shiga na farko, ƙofofinsa manya ne. Suka shiga na biyu, ya ƙare a shagon askirim. Gensheng ya tambayi wani mai gadi inda dogon jan lungu yake, mai gadin ya ce, "Duk nan ja ne, duk dogo ne," ya nuna masa taswira a bango. Gensheng ya yi aji huɗu a makaranta, uban bai yi ko ɗaya ba. Suka tsaya suna kallon taswirar kamar masu kallon ƙafar kaza.

Sha biyu ta wuce kafin su faɗa wani lungu siriri, bango ja hagu da dama, ba iska ko kaɗan. Hannuwan tsohon sun fara saki a wuyan ɗansa. Gensheng ya zaunar da shi a kan wani dakali, ya jiƙa tawul ya ɗora masa a ka.

"Zauna nan. Kar ka motsa."

"Da ina zan je? Zawarci?"

A ƙarshen lungun an kare wani wuri da shuɗin tamfol, ana gyara. A bakin tamfol ɗin wani mutum mai furfura ya tsuguna, da hular aiki a gwiwa, yana cin taliya a kwanon roba. Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu ya tsiyaya binega, wato ruwan tsami, a kai har ta yi baƙi. Wanda ke yawo da binega a aljihu ba sai an tambaye shi garinsu ba, ɗan Shanxi ne.

"Ɗan garinmu," in ji Gensheng. "A ci lafiya."

Mutumin ya ɗago da ya ji harshen. "Kai! Daga wace gunduma?"

Gensheng ya faɗa. Ashe tsauni ɗaya ne tsakaninsu. Sunan mutumin Du. Ya miƙo tafarnuwa, Gensheng ya miƙa sigari, Du ya ce nan ko ashana aka kama ka da ita ka bar aiki, amma ya karɓa ya maƙala a kunne.

"Ka daɗe a nan?"

"Shekara ashirin da biyu ina kan rufin sarki. Shi sarkin ma bai hau ba ko sau ɗaya."

Gensheng ya tsuguna kusa da shi, ya ba shi labarin a taƙaice. Matoya, mota, ƙofa ta uku. Bai ambaci yatsa ba, don ya gaji da ganin ana dariya.

Du ya ajiye tsinken cin abinci. "Lungun ke nan, ba ku ɓata ba. Amma kun makara, ɗan'uwa. Mu muka sauke rufin nan gaba ɗaya, shekara goma sha shida ke nan. Na zamanin sarakuna, in mai kyau ne a wanke a mayar. Na shekarun ubanka kuwa ba wanda ya koma. Da gaggawa aka toya su, ƙyallin ya kwaye kamar ɓawon ƙwai. Ba laifin mai yi ba ne, abin da aka ba su ke nan."

"Ina aka kai su?"

"Mota ta kwashe. Wa ke bin motar ɓaraguzai ya ga inda ta tsaya?" Ya ɗauki tsinken, sai kuma ya yi dariya. "Na ma tuna. Na ƙofa ta ukun nan, na bakin rufi, kowanne ka juya sai ka ga shatin yatsa a ƙasa, da tsaga a tsakiya. Duk iri ɗaya. Muka yi ta zolaya, muka ce wani ɗan iska ne ya ga bai da suna a littafi, ya sa hannu a gidan sarki. Mun yi jifa da su cikin mota muna gasar wa zai..."

Ya ga fuskar Gensheng, ya tsaya. Ya leƙa lungun, ya hango tsohon a kan dakali da tawul a ka.

"Shi ne?"

"Shi ne."

"Me ke damunsa?"

"Olsa."

Du ya daɗe yana kallon tsohon. Shi ma mutumin can ne, ya san olsar da ake kawowa Beijing. Ya ce, "In zo in gaya masa na gani da idona? Zan faɗa ko a gaban wa."

Gensheng ya so ya ce e. Shekara hamsin ana ɗaga wa ubansa yatsa a wurin biki, ga shaida tsugune yana cin taliya. Amma in Du ya ce ya gani, sai an tambaye shi a ina, kuma amsar ita ce a hannunsa, a hanyar shiga motar shara. Ba yadda za a ba tsohon rabi a ɓoye rabi.

"Bar shi," in ji Gensheng. "Ci abincinka."

Ya taho yana shirya abin da zai ce. An rufe wurin. Ana gyara. Ba wannan lungun ba ne, sai wata shekara. Da ya iso, dakalin ba kowa, tawul a ƙasa. Tsohon ya bi bango da hannu har ya kai wata ƙaramar ƙofa da aka kulle, ya jingina da ita, yana numfashi da baki a buɗe, kansa a ɗage.

"Ɗaya, biyu, uku," ya ce. "Na ƙirga. Ita ce."

"Baba, lokaci ya tafi. Jirgi..."

"Ɗaga ni."

"An hana taɓawa."

"Lokacin da na taɓa su ma an hana. Ɗaga ni, na ce."

Rufin ƙofar yana sheƙi, ruwan ɗorawa iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba tabo, ba wanda ya fi wani duhu. Mutumin da ya gane tayil ɗin da wuta ta yi wa yawa daga tsakiyar fili, a nan taku uku ne tsakaninsa da su. Gensheng ya dubi rufin, ya dubi uban. Fuskar tsohon ba ta ce komai ba.

Ya durƙusa. Tsohon ya ɗora ƙafa ɗaya a kafaɗarsa, ya ɗora ɗayar, ya riƙe gashin kansa kamar yadda shi Gensheng yake riƙe nasa ranar kasuwa yana ƙarami. Ya miƙe a hankali.

"Malam! Malam, ba a taɓawa!" Wata ma'aikaciya ce ta taho da sauri, da lasifika a ƙugu. Ta iso, ta ga hannun da ya fito daga rigar, ƙashi da fata rawaya, yana rawa a sama. Ta tsaya. Sai ta juya ta shiga yi wa wasu masu jar hula faɗa a kan su daina zama a dokin ƙofa.

Gensheng ba ya ganin komai sai jan bango. Yana jin gwiwoyin uban suna karkarwa a kunnuwansa. Ya ji uban ya taɓa na farko. Tsohon ya ce, "Matsa." Ya matsa. Na biyu. "Matsa." Haka suka bi bakin rufin tayil bayan tayil, goma sha ɗaya, har suka kai ƙarshe. A na ƙarshen hannun ya daɗe.

"Sauke ni."

Ya sauke shi a kan dokin ƙofar. Tsohon ya zauna yana kallon babban yatsansa, ya goge shi a wando.

"Yana nan," ya ce.

Gensheng ya ce, "Yana nan?"

"Duk goma sha ɗayan. Kamar jiya na danna." Ya ɗago ya dubi ɗansa ido cikin ido. "Ba ka sha wahalar banza ba. Ka ji? In mun koma ka faɗa musu ka gani."

"Zan faɗa musu akwai shatin. Da tsagar a tsakiya. Duk wanda ya sake ɗaga yatsa sai na karya shi."

"Kai da ko kaza ba ka iya yankawa."

Lungun ya cika ya ragu, ya sake cika. Daga can ƙarshe Du ya miƙe, ya sa hularsa, ya dube su, ya shige bayan tamfol.

"Maganin nan na Gailan yana aiki," in ji tsohon. "Yau cikin da sauƙi."

"Likita ya ce haka olsa take. Sai a hankali."

"Sai a hankali."

"In ka warke mu dawo da kaka, lokacin ba zafi. Mu zo da Hongyan."

"Mu dawo." Ya shafa haɓarsa, ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa da ya shiga ramin da ba nasa ba, ya mayar daidai. "Wayar nan taka tana ɗaukar hoto mai kyau? Wanda in an faɗaɗa ba ya dishewa?"

"Tana ɗauka."

"To tayar da ni."

Gensheng ya tayar da shi, ya jingina shi da jan bango a gefen ƙofar. Tsohon ya sa yawu a tafin hannu ya kwantar da gashinsa, ya miƙe wuya, ya rufe baki. Gensheng ya ja da baya, ya ƙara ja, ya durƙusa don rufin ya shigo gaba ɗaya a saman kan uban, duk goma sha ɗayan suna sheƙi.

"Me kake yi a can?"

"Ina so tayil ɗin su fito."

"Bar su. Matso kusa." Tsohon ya sa hannu a ƙirjinsa, ya ja layi. "Daga nan zuwa sama. Ka tabbata idanuna a buɗe suke."

Gensheng ya tsaya da wayar a hannu. Wani ya buge shi da lema ya wuce ba ko sannu. Ya matso taku ɗaya, layin tayil na sama ya fita. Ya ƙara ɗaya, dodannin bakin rufin suka fita. Ya rage jan bango da fuskar ubansa.

"Hannunka na rawa," in ji tsohon. "Riƙe da biyu."

Ya riƙe da biyu.